Mota Ta Yi Ƙiba, Wa Ke Ɗaukar Nauyinta?

A daminar da ta wuce mun tashi za mu ziyarci wata ƙungiyar manoma da ke ƙetaren rafi, wajen kilomita 14 daga bakin kwalta. Da muka iso mashigin rafin sai muka tarar da wata babbar jif ta kafe cikin laka har gindin ƙofa. Samari sun fi 15 suna turawa, direba yana ba ta wuta, tayoyi suna ta juyawa suna ƙara haƙa wa kansu rami. Tun da hantsi a ke fama har rana ta yi tsaka, sai da aka roƙo tarakta daga wani ƙauye kafin ta fita. Duk wannan lokaci hanya a toshe ta ke. Akori-kura biyu ɗauke da ɗanyar masara da gauta suna tsaye a baya, rana tana dukan kayan, kasuwa kuwa tana ci ba tare da su ba.

Wani dattijo da ke zaune a gindin ɗorawa yana kallo ya ce mana, a zamanin da malamin asibiti ya ke zuwa musu da Bosuwaja, in ta kafe a wurin nan mutum shida su kan ɗaga ta cak su ajiye a kan tudu. Ya ce motocin yanzu sun yi ƙiba kamar bijimin da aka turke domin kasuwa.

Mun bi maganar dattijon nan mun duba, mun tarar gaskiya ya faɗa. Da shi ke kaka ta gabato, kuma ƙungiyoyi da yawa suna shawarar haɗa kuɗi su sayi mota, mun ga ya kamata mu kawo muku abin da muka samu.

MU AUNA DA BUHU

Domin lissafi ya yi mana sauƙi, bari mu auna da buhun masara mai kilo 100.

Bosuwajar nan da dattijo ya tuna, irin wadda aka fara haɗawa a Legas a 1975, nauyinta wajen kilo 800 ne, watau buhu 8. Fijo 504 da aka yi ta haɗawa a Kaduna tun daga wannan lokaci, wajen buhu 12 ce. Babbar jif ta zamani irin Land Cruiser ta kai buhu 25 ko fiye, tun ba a sa mata ko ƙullin goro ba.

Ko mota mai suna ɗaya ma ba ta tsaya yadda ta ke ba. Golf ta fari, wadda ta fito a 1974, buhu 8 ce. Ta yanzu ta kai buhu 13. Toyota Corolla ta 1966 ba ta wuce buhu 7 da ɗan ɗori ba; ta yanzu ta kusa ninka wannan.

Amma misalin da ya fi shafar manomi shi ne na Hilux. Ta farko da aka ƙera a Japan a 1968 nauyinta buhu 10 ne da 'yan kai, kuma an yi ta domin ta ɗauki kaya buhu 10. Ta yanzu mai ƙofa huɗu ta wuce buhu 20, amma kayan da aka yarda ta ɗauka har yanzu wajen buhu 10 ne. Ku lura da wannan da kyau. Motar ta ninka nauyinta, aikin da ta ke yi wa mai kaya kuwa yana nan inda ya ke. Sauran buhu 10 ɗin ƙarfe ne da kujeru da gilashi, kuma su ma sai an sha mai kafin a kai su kasuwa a komo da su.

ME YA KAWO WANNAN ƘIBA?

Dalili na fari mai kyau ne, kada mu ɓoye shi. An ƙarfafa jikin mota domin ya kāre waɗanda ke ciki. An sa ƙarafa cikin ƙofofi, an ƙarfafa rufi, an sa jakunkunan iska masu buɗewa lokacin karo, an gyara birki. Wanda ya taɓa ganin yadda tsohuwar mota ke lanƙwashewa kamar gwangwanin madara ya san amfanin waɗannan abubuwa. Na biyu shi ne jin daɗi: na'urar sanyaya ciki, da gilashi mai hawa da kansa, da kujeru masu kauri. Kowanne yana da nasa nauyi.

Amma babban dalili shi ne motoci sun ƙara tsawo da faɗi da tsayi, kuma wannan labari a Amurka ya fi ƙarfi. Bisa ga lissafin hukumar kula da muhalli ta ƙasar, matsakaiciyar sabuwar mota a 1975 ta kai wajen kilo 1,840. Tsadar mai da ta biyo bayan rikicin 1973 ta sa majalisarsu ta kafa doka a 1975 cewa dole motoci su rage shan mai. Nan da nan masu ƙera mota suka rage musu jiki, har a 1981 matsakaicin nauyi ya sauka zuwa wajen kilo 1,450. Sai dai dokar ta yi sassauci ga motocin aiki, irin su akori-kura da jif, domin a lokacin manoma da masu sana'a ne suka fi amfani da su. Da kamfanoni suka ga wannan kafa, sai suka shiga ƙera motar iyali da siffar motar aiki. Ribar babbar mota kuma ta fi ta ƙarama, saboda haka ita a ke ta yi wa talla. A 2023 matsakaicin nauyi ya kusa kilo 2,000, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na sababbin motocin da a ke sayarwa a Amurka irin waɗannan ne.

Abin bai tsaya can ba. Hukumar makamashi ta duniya ta ce a 2023, cikin kowace mota 100 da aka sayar a duniya, 48 masu siffar jif ne. Kowace ta fi matsakaiciyar mota da kilo 200 zuwa 300, hayaƙin da ta ke fitarwa kuma ya fi da wajen kashi ɗaya cikin biyar.

Sai kuma motar lantarki, wadda ba ta shan mai amma tana ɗauke da batir mai nauyin gaske. Akwai wata a Amurka mai suna Hummer wadda ta wuce kilo 4,000. Batirinta kaɗai wajen kilo 1,300 ne, watau ya fi Fijo 504 ɗungum nauyi.

Akwai dalili na ƙarshe, shi ne tsoro. Mutum ya ga maƙwabtansa duka suna cikin manyan motoci, sai ya ji tsoron kada a murƙushe shi da iyalinsa cikin ƙaramar tasa, shi ma ya sayi babba. Da haka kowa ke ƙara wa ɗan'uwansa dalilin tsoro.

YADDA ABIN YA ISO GARE MU

Wani zai ce, ina ruwanmu da abin da Turawa ke saye? Ruwanmu ne ƙwarai, gama motar da Bature ya saya sabuwa bana, ita ce za ta iso tasharmu bayan shekara 10 ko 15. Wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 zuwa waje, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Nijeriya tana cikin manyan masu saye, waɗansu ta Legas, waɗansu ta Kwatano. Tun 1972 da muka koma tuƙi a hannun dama, motar Amurka ta dace da hanyoyinmu ba sai an juya sitiyari ba. Saboda haka in sun ƙera babba, babba za mu gāda. Amma ba za mu gāji faffaɗan titinsu da fitilunsu da hanyar da suka keɓe wa masu tafiya a ƙasa ba.

NA CIKI DA NA WAJE

A nan ne maganar ta fi nauyi, domin maganar rai ce. In mota biyu suka yi karo, mai nauyi ce ke ture marar nauyi, mutanen ƙaramar su ne ke shan mafi yawan bugun. Waɗansu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya sun bincika dubban hatsarori, suka buga sakamakon a 2014. Sun tarar in motar da ta buge ka ta ƙaru da kilo 450, watau buhu huɗu da rabi kurum, hatsarin a yi rasuwa a cikin taka motar ya ƙaru da kashi 47 cikin 100.

To, wannan tsakanin mota da mota ke nan. Ina ga wanda ba ya cikin mota ko kaɗan? A 2023 wata cibiyar bincike ta kamfanonin inshora a Amurka ta duba hatsari kusan 18,000 da aka buge masu tafiya a ƙasa. Ta tarar motar da hancinta ya wuce mita ɗaya daga ƙasa ta fi mai gajeren hanci kisa da kashi 45 cikin 100. Dalilin a fili ya ke. Ƙaramar mota a ƙafa ta ke bugun mutum, ya faɗa a kan murfin inji. Mai dogon hanci kuwa a ƙirji ko ciki ta ke bugunsa, ta kāda shi gaba, sau da yawa ta bi ta kansa. In yaro ne, daidai kansa ta ke samu. Har ila yau direban da ke zaune can bisa ba ya ganin ƙaramin yaro ko akuya da ke dab da gaban motarsa. A Amurka masu tafiya a ƙasa da mota ta kashe sun tashi daga wajen 4,100 a 2009 zuwa wajen 7,500 a 2022, kuma girman motoci yana cikin dalilan da masu bincike suka ambata.

Yanzu ku dubi hanyar da ta ratsa ƙauyenku. Su wa ke kanta? 'Yan makaranta, da mata ɗauke da itace ko tulun ruwa, da mai keke da buhu a baya, da mai babur da matarsa da goyo, da mai amalanken shanu yana komowa da magariba ba fitila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. In aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. Lafiyar da mai babbar mota ya saya wa kansa, waɗannan mutane ne ke biyan wani sashi na kuɗinta.

Abu ɗaya kuma da ya kamata kowane direba ya riƙe: in nauyi ya ninka, ƙarfin bugu ya ninka sau biyu, in gudu ya ninka, ƙarfin bugu ya ninka sau huɗu. Duk wannan ƙarfi birki ne ke shanye shi ya mai da shi zafi. Shi ya sa mota mai nauyi da tsohon birki a kan gangaren dutse abin tsoro ce.

MAI, TAYA DA ASUSUN ƘUNGIYA

A da, lokacin da mai ke da araha, ba kowa ke damuwa da cikin mota ba. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da janye tallafin mai a Nijeriya, lissafi ya sāke. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Masana sun ce in aka rage wa mota kashi 10 cikin 100 na nauyinta, shan manta ya kan ragu da kashi 6 zuwa 8.

Ga misali, mu ƙaddara ƙungiya tana zuwa kasuwa mai nisan kilomita 50 sau biyu a mako. Zuwa da komowa cikin shekara kilomita 10,400 ke nan. Motar da ke shan lita 7 a kilomita 100 za ta sha lita 728. Wadda ke shan lita 14 za ta sha lita 1,456. In mun sa lita a kan naira 1,000 domin sauƙin lissafi, bambancin ya kai naira 728,000 a shekara guda. Kowa ya lissafa buhun taki nawa wannan kuɗi zai saya a garinsu.

Ban da mai, babbar mota babbar taya ta ke so, kuma nauyi yana cin taya da birki da sauri. Da yawa daga cikinmu tayar gwanjo mu ke iya saye, wadda ta riga ta gaji tun a ƙasar da ta fito. A ɗora mata nauyi mai yawa cikin zafin bazara, fashewa ba ta da nisa. Ga kuma kayan gyara. Makanikin ƙauye ya san cikin tsohuwar Fijo kamar tafin hannunsa, amma jif ta zamani sai an kai ta birni an sa mata kwamfuta kafin a san ciwonta.

HANYA, KWALBATI DA GONA

Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a jihar Illinois ta Amurka suka gina hanyoyin gwaji, suka yi ta bin su da motoci dare da rana domin su ga yadda nauyi ke cin kwalta. Abin da suka gano har yau da shi a ke aiki: in nauyin da ke kan jerin ƙafafu ɗaya na mota ya ninka sau biyu, ɓarnar da ya ke yi wa hanya ta kan ninka wajen sau 16. Bisa ga wannan, jif mai buhu 25 tana cin hanya kamar Fijo wajen 19.

Amma mu faɗi gaskiya, a kan kwalta ba jif ce babbar mai laifi ba. Tirelar da ke da tan 10 a kan jerin ƙafafu ɗaya ta fi jif ɓarna sau dubbai. In kuma aka yi mata lodi ya kai tan 13 a maimakon 10, ɓarnar ta kusa ninka sau uku. Wannan ya shafe mu, gama mu ma mu kan matsa wa direban gingimari ya ƙara buhu biyar domin kuɗin mota ya yi sauƙi, sa'an nan mu zo muna kuka da ramuka.

Hanyar burji da muka gyara da aikin gayya, a nan ne ƙibar ƙananan motoci ta fi nunawa. Dattawa za su tuna lokacin da a ke sa shinge a hanya bayan ruwan sama, ba motar da za ta wuce sai ƙasa ta sha iska. Yanzu mai jif yana jin motarsa za ta iya, sai ya shiga da jiƙaƙƙiyar hanya ya bar kwari biyu a bayansa. Ruwa na gaba ya bi kwarin, ya zama zaizaya, mai keke da mai amalanke su rasa wurin bi. Kwalbati da kadarkon katako da aka yi su domin akori-kura su ma suna da iyakar abin da za su ɗauka.

Gona ma ba ta tsira ba. A ƙasashen Turai injin girbi cike da hatsi ya tashi daga wajen tan 4 a 1958 zuwa tan 36 a 2020, har masana suna kuka cewa ƙasa tana danƙarewa can ƙasa inda garma ba ta kaiwa. Mu ba mu kai nan ba, amma duk wanda ya shigar da mota mai kaya cikin jiƙaƙƙiyar fadama ya ga yadda sawun taya ke riƙe ruwa, shuka kuma ta tsumbure a wurin.

ABIN DA WAƊANSU SUKA YI

A Faransa tun 2022 wanda ya sayi sabuwar mota da ta wuce kilo 1,800 ya kan biya haraji a kan kowane kilo da ya ɗoru, a 2024 kuma aka sauko da iyakar zuwa kilo 1,600. A watan Fabrairu 2024 mutanen birnin Paris suka jefa ƙuri'a aka ninka wa manyan motocin baƙi kuɗin ajiye mota sau uku. A Japan kuwa gwamnati ta daɗe tana sassauta haraji ga 'yan ƙananan motoci, har wajen kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin ƙasar irinsu ne. Manomin Japan, da duk arzikin ƙasarsa, 'yar ƙaramar akori-kura irin Hijet ya ke shiga gona da ita, mai nauyin buhu 7 ko 8, wadda aka yi domin kaya kilo 350.

SHAWARA GA ƘUNGIYOYI

Ba mu ce kowace babbar mota banza ce ba. Akwai ƙauyukan da in mace tana naƙuda cikin watan Agusta, sai mota mai jan ƙafa huɗu ce za ta fitar da ita. Inda hali ya zama haka, a saye ta domin wannan aiki. Abin da mu ke roƙo shi ne a yi daidai ruwa daidai tsaki.

1. Kafin ku je wurin dillali, ku zauna ku rubuta aikin da motar za ta yi: buhu nawa, kilomita nawa, wace irin hanya, wane lokaci na shekara.

2. Ku tambayi nauyi biyu: nauyin motar ba kaya, da kayan da aka yarda ta ɗauka. A kan rubuta iyakar nauyi a jikin ƙofar direba ko ƙarƙashin murfin inji. Motar da ta fi muku ita ce mai ɗaukar kaya da yawa bisa ga nauyin jikinta.

3. Ku lissafa kuɗin mai da taya da gyara na shekara guda, ku ɗora a kan kuɗin saye. Araha a ranar ciniki ba ita ce araha ba.

4. Ku duba ko keke mai ɗaukar kaya ko amalanken shanu zai iya kai amfanin gona bakin kwalta, a yi hayar babbar mota sau ɗaya a kaka.

5. Ku sa ƙaramin yaro ya tsaya a gaban motar, injin a kashe, direba ya zauna a mazauninsa. Ku ga taku nawa yaron zai ja da baya kafin direba ya hango shi. Kowane direban ƙungiya ya ga wannan da idonsa.

6. Ku kafa wa motarku doka: ba lodin da ya wuce ƙa'ida, ba gudu cikin gari ko kusa da makaranta da kasuwa, ba shiga hanyar burji sai ta sha iska bayan ruwa. Ku nemi mai gari da sauran masu mota su yarda da wannan doka tare da ku.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU NA GABA

Cikin shekara biyar da suka wuce, mutum nawa mota ta buge a hanyar garinku, kuma suna cikin mota ne ko suna waje? Wa ke gyara hanyarku bayan damina, wa kuma ya fi ɓata ta? In ƙungiyarku ta sayi mota bana, domin kaya za ta saya ko domin a gan ta a ƙofar ofis?

Ku tattauna, magatakarda ya rubuto mana abin da kuka yanke, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da shi.